Shekara Bakwai Bayan Habila, Malamin Alkama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habila. A irin wannan lokaci ne ya tafi, zafi ya kai maƙura, mangwaro ya cika kasuwar Kafanchan, kowa na duban sama ko hadarin fari zai haɗo. Kowace shekara mukan taru a gida mu yi addu'a, mu je mu share kabarinsa, mu dawo kowa ya kama harkarsa. Bana na ce zan ƙara da rubutu, domin waɗanda suka san shi suna ta raguwa, kuma aikin da ya yi ba irin wanda ake kafa wa allo a bakin titi ba ne. Malamin gona ne. Shekarunsa na ƙarshe duk ya yi su ne can Arewa, kusa da iyakar Nijar, yana duba alkama, yana duba yanayi, yana gaya wa manoma da ofishinsa abin da ya gani. Ni ce ƙanwarsa Rifkatu, ina koyarwa a firamare a nan Kafanchan. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani a bakinsa na ji, wani kuma a bakin mutanen da ya yi wa aiki.

Wanda ya san ƙasarmu zai yi mamakin yadda ɗan Kafanchan ya zama malamin alkama. Mu ruwa har yawa yake mana. Damina takan sauka da wuri ta daɗe, duwatsun Kagoro su yi shar, rafuka su cika su batse. Citta muka sani, da acca, da gwaza, da doya, da dawa. Alkama kuwa sunanta kawai muke ji a wa'azi, sai fulawar da ake saukewa daga jirgin ƙasa buhu-buhu, wadda maƙwabcinmu Papa Emeka yake burodi da ita. Papa Emeka Ibo ne, tsohon ma'aikacin reluwe, da ya yi ritaya ya gina tanda a bayan gidansa. Cikin ƙanshin burodinsa muka tashi, amma ko shi bai taɓa ganin alkama a tsaye cikin gona ba.

Habila ya yi karatun aikin gona a Zariya, gwamnatin jiha ta ɗauke shi, ta tura shi wani ƙauye mai suna Rafin Kanya a ƙasar Katsina, lokacin duk jiharmu ɗaya. Akwai madatsar ruwa kusa da ƙauyen, ana noman rani, albasa da tumatir da tattasai. Yana can shekarar 1987 ta same shi. Gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, ta ce a noma ta a gida. Garinmu ya faɗa rikicin addinin da ba sai na maimaita labarinsa ba, wanda ya bazu har Arewa, maƙwabci ya koma kallon maƙwabcinsa a kaikaice. Kafin damina ta ɗauke kuma aka raba jihar gida biyu, aka ce ma'aikaci zai iya komawa jiharsa ta haihuwa.

Mutanenmu da ke aiki a can suka yi ta kwaso kaya a manyan motoci, har da kaji da turmi. Habila ma ya zo, amma da ƙaramar jaka ɗaya a kafaɗa. Mama ta dubi jakar, ta dube shi. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, da ita ta tare shi tun bai zauna ba.

"Habila, ina kaya naka?"

"Suna can, Mama. Gaishe ku na zo yi, zan koma."

"Ka koma? Mutane duka suna gudu zuwa gida, kai kana gudu zuwa daji. Wane ne naka a wurin?"

"Na riga na ce wa mutane su gyara gona za mu shuka alkama," in ji shi. "Ba su taɓa yin ta da yawa haka ba. In na bar su, wanda za a kawo sai ya shekara kafin ya san ƙasar."

Mama ta yi kuka, ta aika a kira Fasto ya yi masa faɗa. Fasto ya zo ya saurare shi har ya gama, sai kawai ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'ar tafiya. Mama ba ta yafe wa Fasto da wuri ba. Matar Habila, Saratu, ta zauna da mu saboda makarantar yara, shi kuma ya koma.

Ba zan ɓoye ba, shekarar farko alkamar ba ta yi ba. Iri bai iso ƙauyen ba sai dab da Kirsimeti. Aka shuka, ta fito kore shar, manya suka zo daga birni suka ɗauki hoto suka tafi. Tana cikin zuba ƙwaya zafi ya sauko, ƙwayar ta motse, abin da aka sussuka bai kai ya biya wahalar ban ruwa ba. Da ya zo hutun Ista ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A lokacin ne ya yi mini bayanin da har yau nake yi wa ɗalibaina. Ya ce alkama 'yar sanyi ce, tana son ɗari tun daga tsiro har ta cika ƙwaya, ɗarin ƙasar can kuwa gajere ne. Duk wanda ya makara a farko, zafi na jiransa a ƙarshe. Saboda haka ya bi 'yan gonakin da suka ɗan yi kyau ya tara iri, ya ajiye a rumbun sarkin noman ƙauyen, ya ce baɗi ba za su zauna jiran motar iri ba.

Sarkin noman nan sunansa Baba Sale, dogon dattijo ne mai farin gemu, wanda kakanninsa suka daɗe suna noma 'yar alkama a fadama don alkaki da taliya. Shi ya ba Habila ɗaki a gefen zaurensa. A watannin da ake zaman ɗar-ɗar, shi ne ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce malamin gona baƙonsa ne, wanda ya taɓa shi ya taɓa gidansa. Habila bai ba mu wannan labari ba sai da aka daɗe, don kada hankalin Mama ya tashi. A shekara ta biyu su biyun suka bi gida gida suna roƙon mutane su hanzarta yankan dawa su gyara fangula, wato 'yan kwamin da ake ban ruwa a cikinsu. Ɗari na fara shigowa aka shuka. Waɗanda suka ƙi ji suka bari sai daga baya.

A wannan shekarar ce na je. An ba mu hutun tsakiyar zango a watan Fabrairu, Mama ta ɗaure mini acca da manja da busasshiyar citta, ta ce in je in gano mata ko yana cin abinci. Na hau jirgin ƙasa zuwa Zariya, daga nan na shiga mota. Tun ina ganin duwatsu har suka ƙare, itatuwa suka yi ta raguwa, ƙasa ta koma yashi, ba abin da ke tsaye sai gawo da aduwa nan da can. Na ce a raina wane irin zunubi yayana ya yi da zai zauna a nan. Sai muka gangara wani kwari, na ga kore shimfiɗe har iya ganina, iska na kaɗa shi yana kwantawa yana tashi. Na tambayi direba ko shinkafa ce. Ya yi dariya ya ce alkamar malam ce.

Na ga yadda yake aikinsa. Da asuba, kafin rana ta fito, yakan sa rigar sanyi ya tafi wani fili a bayan sito. A nan akwai farin akwatin katako a kan dogayen ƙafafu, mai 'yan tagogi kamar ɗakin tantabaru, a ciki akwai ma'aunin zafi. Ya duba inda sanyin dare ya tsaya, da rana tsaka ya koma ya duba inda zafi ya kai. Akwai ma'aunin ruwan sama a gefe, amma da rani gizo-gizo ne ke haya a ciki. Daga nan ya shiga gonaki. Ba ya tsayawa a bakin hanya ya hango, tsakiya yake kutsawa har raɓa ta jiƙa masa wando. Ya juya bayan ganye yana neman cutar tsatsa, ya tura yatsa cikin ƙasa ya ji laima, ya tsinki zangarniya ya murza a tafin hannu, ya ɗaga kai ya duba ko garken tsuntsun jan baki ya fara shawagi. Abin da ya gani yakan faɗa wa ofishi ta oba-oba, da yamma kuma ya faɗa wa manoma a dandali da Hausar da ta koma irin tasu, har ina yi masa tsiya.

Baba Sale kuma yana da nasa ma'aunin. Shi ruwan randa yake taɓawa da asuba, ya dubi yadda awaki suka kwana, a cure ko a warwatse, ya ji ta ina iska ta biyo. Kowace safiya in sun haɗu sai ya ce, "Malam Habila, akwatinka mi ya ce yau?" Habila ya ce, "Abin da gwiwarka ta ce, Baba." Domin gwiwa na damun tsohon in ɗari ya yi ƙarfi. Su yi dariya, su zauna su haɗa abin da kowa ya gani.

Ina can dariyar ta ɗauke. Safiya bayan safiya ma'aunin yana nuna dare ya daina sanyi kamar da, tun lokacin bai yi ba. Baba Sale ya ce gwiwarsa ta saki, ruwan randa ya daina cizon haƙori. Alkamar kuwa tana daidai inda ba ta son wasa, ƙwaya ta fara ɗaukar ruwa fari kamar nono. Habila ya daina cin abinci sosai. Ya ce mini in zafin nan ya sauko ya sami ƙasa a bushe, abin bara ne zai maimaita kansa, kuma in hakan ta faru ba mai sake yarda ya shuka alkama a Rafin Kanya. Maganin ɗaya ne, a ba ta ruwa yanzu, ƙasa ta yi sanyi kafin zafin ya iso.

To amma ruwan madatsa bi da bi ake sakinsa, kuma juyin na masu tumatir ne, waɗanda gonakinsu ke bakin magudana. Babbansu wani Alhaji Mamman ne, mai gona mai faɗi da motar ɗaukar kaya tasa ta kansa, tumatirinsa kuma yana cikin fure. Mai buɗe ƙofar ruwa ya ce shi ba zai juya ba sai masu tumatir sun yarda da bakinsu. Baba Sale ya kira taro a gindin kanyar da ke bakin kasuwa bayan sallar azahar. Ni mace ce kuma baƙuwa, ban shiga ba, na tsaya jikin babur ɗin Habila inda nake jin komai.

Habila ya yi bayani a natse. Da ya gama, Alhaji Mamman ya gyara hula ya ce, "Malam, a garinku ana noman alkama?"

"Ba a yi, Alhaji."

"To mu nan tun kakanni muke ban ruwa. Kai da ka zo jiya, daga inda ka zo, za ka ce in bar abin da na sani ya bushe don abin da bara ya ba mu kunya?"

Da ya ce "daga inda ka zo" sai kowa ya gane abin da yake nufi. Na dubi yayana, na san ransa ya ɓaci. Amma bai ɗauki maganar ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da zangarniyar alkama, ya matso har gaban Alhaji ya durƙusa, ya matse ƙwaya ɗaya a kan farcensa, farin ruwa ya fito.

"Alhaji, duba nan. Wannan ruwan shi ne zai zama gari. In ya ƙafe yanzu, ƙaiƙayi za a girbe. Da safe na shiga gonarka, ka yafe mini ban nemi izini ba. Ƙasarka da sauran laima har tsawon yatsa. Tumatirinka zai yi yaushi, ba zan yi maka ƙarya ba, wani furen ma zai zube. Amma ba zai mutu ba. Mu je ka tona da hannunka. In ka ga ba haka ba ne, na janye maganata."

Baba Sale ya ce, "Alhaji, ni ban san akwati ba, amma ɗarin bana ya tafi. Ka taɓa ruwan randarka gobe ka ji. Kuma a cikin masu alkamar nan akwai ƙanenka biyu da mijin ɗiyarka."

Alhaji Mamman ya dubi farin ruwan da ke kan farcen Habila. Sannan ya miƙe ya kaɗe riga, ya nufi gonarsa, jama'a suka bi shi. Na hango shi daga nesa ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya tona nan, ya matsa gaba ya sake tonawa. Da ya dawo bai dubi Habila ba, mai ƙofar ruwa ya duba ya ce, "Juya masu." Ya wuce gida.

A yammacin nan aka saki ruwa. Na ga maza da fartanya suna gudu bakin fangula suna buɗe wannan suna toshe wancan, Habila a cikinsu, wando naɗe har gwiwa, laka har fuska. Hutuna ya ƙare na dawo gida, sauran labarin a wasiƙa da baki na same shi. Zafin ya sauko kamar yadda suka faɗa. Alkamar da aka shuka da wuri ta sha ruwa ta cika ƙwaya fal. Ta waɗanda suka makara, ruwan bai cece ta duka ba, rabi ta motse. Tumatirin Alhaji ya zubar da fure fiye da yadda Habila ya zata, kuma Alhaji ya daina amsa gaisuwarsa har damina ta zo ta wuce. Habila ya faɗa wa ofishi duka ukun yadda suke, bai ƙara ba bai rage ba, ko da yake a shekarun nan labarin alkama mai daɗi aka fi son ji.

Da Ista ya zo gida da buhu guda da manoma suka haɗa masa, da dami ɗaya da bai bari an sussuke ba. Papa Emeka, wanda tandarsa ta yi wata da watanni tana kwana ba wuta saboda rashin fulawa, ya zo ya zura hannu cikin buhun har wuyan hannu. "Oga Habila, wannan na Najeriya ne? Ka rantse!" Aka kai inji aka niƙa, aka tankaɗe da rariyar Mama. Burodin ya fito ja-ja, mai nauyi, bai tashi sosai ba. Papa Emeka ya ɗaga ɗaya ya auna a hannu ya ce in ka jefi kare da wannan sai an kai ka kotu. Muka yi ta dariya, amma ko ɓarɓashi bai kwana ba, unguwa duka sai da ta ɗanɗana. Damin kuwa ranar Lahadi Mama ta ɗauke shi a ka har cikin majami'a ta ajiye a gaban bagade. Bayan sujada tsofaffi suka yi layi suna taɓawa. Wata kaka ta ce shekara da shekaru tana jin sunan abin nan a wa'azi, ashe ƙaramin abu ne haka, ko kafaɗar dawa bai kai ba. Mama ta tsaya a gefe tana gaya wa kowa ɗanta ne ya noma, duk da Habila yana ta cewa shi dubawa kawai ya yi.

Ya ƙara 'yan shekaru a can yana wannan aiki. A bazarar da ya rasu, Saratu ta aika masa ya taho da wuri domin ana maganar sanƙarau a Arewa. Ya ce sai an gama girbi ya ga abin da aka samu. Ciwon ya kama shi ana tsakiyar sussuka, aka kai shi asibitin gari, bai daɗe ba Ubangiji ya kira shi. Lokacin ma ƙasarmu ba ta zauna daidai ba, mutumin Arewa yakan yi tunani biyu kafin ya biyo hanyarmu. Duk da haka mutanen Rafin Kanya ba su aiko da saƙo a zo a ɗauka ba, da kansu suka kawo shi. A motar Alhaji Mamman suka kawo shi, an wanke ta tas an shimfiɗa sababbin tabarmi, Alhaji da kansa a gaba kusa da direba, Baba Sale a baya kusa da akwatin duk tsawon hanya.

Ana sujadar jana'iza suna tsaye a gindin mangwaro a wajen majami'a, da aka fito suka bi mu har maƙabarta. Mama, cikin kukanta, ta tuna ta sa a kira maƙwabcinmu Musulmi ya yanka musu akuya, a dafa a sabuwar tukunya. Da za su tafi Baba Sale ya durƙusa gabanta da ƙyar saboda gwiwa, ya ce, "Inna, kin haifi ɗa. Amana muka kawo maki, ba haka muka so mu kawo ta ba." Mama ta ce, "Kun riƙe shi da kyau. Allah ya kai ku gida lafiya." Alhaji Mamman kuwa hannun yaran Habila ya kama ɗaya bayan ɗaya.

Yau in na duba, nakan tambayi kaina me Habila zai ce da ya ga inda muke. An buɗe ƙofa, alkamar waje ta dawo, fulawa fara sol ta cika shaguna. Ɗan Papa Emeka ne ke riƙe da tanda yanzu, burodinsa laushi kamar auduga, yaran da ke saye ba su san an taɓa rasa shi ba. Jirgin da na hau zuwa Zariya sai a yi kwana da kwanaki ba a ji kukansa ba. Manoman rani suna kwana a layin mai kafin su tada injin ban ruwa. Maganar noman alkama a gida, wadda ta cika rediyo a shekarun nan, ta mutu murus kamar ba a taɓa yin ta ba.

Ba na jin dawowar fulawa za ta ba shi haushi. Shi kansa ya sha gaya mini cewa ɗarinmu bai kai ya ciyar da ƙasa duka da burodi ba, kuma ya faɗa wa manyansa haka tun ana ganin faɗar hakan rashin kishi ne. Abin da zai dame shi, a ganina, shi ne an daina dubawa. Bayan rasuwarsa an turo wani ya ɗan zauna ya nemi canji, daga nan ba a sake turo kowa ba. Ko a nan gida, damina ta fara yi mana wasa, bara ruwa ya sauka aka dasa citta, ya ɗauke ya bar ta a ƙasa tana ruɓewa. Kowa ya ce ikon Allah, kuma haka ne. Amma na san tambayar da yayana zai yi: wa ya fita da safe ya duba, wa ya gaya wa mutane su ɗan dakata? Shi bai taɓa cewa ya san gobe ba. Abin da ya yarda da shi kawai, in mutum ya duba yau da kyau, ya duba jiya da kyau, ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, manomi zai rage asara.

Akwai ranakun da nake jin haushinsa, ba zan ce babu ba. Da ya ji maganar Saratu ya taho, wataƙila da shi zai kai babbar 'yarsa makarantar sakandare, ba ni ba. Saratu ta sha wahala, da sana'ar kunu da ɗan lambu ta riƙe yara. Amma in na auna, alfaharin ya fi haushin nauyi nesa ba kusa ba. Mutum ne da ya tafi inda ake tsoron zuwa, a shekarar da aka fi tsoro, ya zauna cikin mutanen da ba yarensa ba, ba addininsa ba, ya yi musu aiki har suka ɗauko gawarsa a kan sababbin tabarmi. Bai bar gida na bulo ba, bai bar mota ba. Babur ɗin ma na gwamnati ne, an zo an karɓa.

A hutun Kirsimetin da ya wuce na koma Rafin Kanya, karo na farko tun wancan zuwan. Baba Sale ya riga mu gidan gaskiya, na je na yi wa iyalinsa gaisuwa. Kwarin ya koma albasa da tumatir kusan duka, amma can gefe akwai fangulan alkama, ba yawa, na masu yi don gida da kasuwar ƙauye, ta riga ta rufe ƙasa kore shar. Da zan dawo, ina jiran mota a tasha, wata mata ta zo da tiren alkaki a ka. Na ɗauki ɗaya ina juyawa, sai ta fara yabon kayanta.

"Saya ki ji, baiwar Allah. Alkamar gida ce, ta bara, shukar Habila ce, ba 'yar makara ba."

Na ce, "Shukar wa?"

"Shukar Habila. Haka ake ce ma wadda aka shuka da farkon ɗari, ita ta fi cika ƙwaya."

"Wane ne Habilan?"

Ta ɗan yi tunani ta ce, "Wallahi ban same shi ba, aure ya kawo ni garin nan. An ce wani malamin gona ne, mutumin kudu. Ko kin san shi?"

Na ce mata yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Matar ta sauke tiren a ƙasa, ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta ƙwala wa masu shayi da 'yan kamasho kira su zo su ga ƙanwar Habila. Motar da nake jira ta cika ta tashi, ban shiga ba, domin mutane sun kewaye ni, kowa da abin da yake so ya gaya mini game da shi. Sai mota ta gaba na bi.